Tafintan Kanar

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo ni ba, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a wajen unguwar Sultana, a Madina. Kada ku ji asibiti ku ɗauka likita ne ni. Aikina tura gado. In ɗauko mara lafiya daga ɗakinsa, in kai shi ɗakin hoto, in jira, in dawo da shi. Farar riga dai ina sawa, kuma mahaifiyata a Gadarif ta Sudan har ta rasu tana gaya wa maƙwabta ɗanta daktur ne a Madina. Ni ma ban taɓa gyara mata ba.

Wata safiya aka aike ni hawa na uku in ɗauko wani tsoho. Na shiga na tarar da Bature, dogo har ƙafafunsa na dungurar ƙarshen gado, da farin gemu da aka gyara tsaf, gefen bakinsa na dama ya karkace. Ma'aikaciyar jinya ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, a masaukinsa ya faɗi bayan sallar asuba, yau kwana huɗu. Ta ce tun da ya farfaɗo yake magana, amma ba Turanci ba ne, ba Larabci ba ne, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Sun ɗauka ƙwaƙwalwar ce ta tafi.

Na kama gado na fara turawa. A bakin lif tayar gaba ta bugi ƙarfe, gadon ya girgiza. Sai na ji an ce:

"Kai! Sannu-sannu!"

Na waiwaya ina neman Bahaushen da ya biyo ni. Ba kowa. Na sake duba gaba, ba kowa.

"Kai, kofur. Ni ba buhu ba ne."

Wallahi ƙiris ya rage in saki gadon in gudu. Na sunkuya na dube shi, idonsa shuɗi yana kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, Hausa kake ji?"

Hawaye ne ya gangaro ta ido ɗaya, wanda ke ɓangaren mai lafiya. Ya kama hannun rigata da hannunsa na hagu, ya riƙe gam. Kalmomin suna fita da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana ɗauko su daga rijiya.

"Ruwa. Alwala. Kwana huɗu, ba salla."

A nan na gane ko wane ne. Duk Bahaushen da ke harka a Uhudu ya san labarin Baturen da ke jin Hausa. Ni ban taɓa ganinsa ba, amma na sha jin sa a bakin kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya kawo ni ƙasar nan, mai rumfar dabino da tasbaha a gindin dutsen maharba. Kanar suke ce masa.

Da na dawo da shi daga hoto na yi masa alwala, na juya gadon ya fuskanci alƙibla, ya yi sallarsa da ido da yatsa. Sannan na je na sami babban likitan da ke duba shi, wani ɗan Masar mai gilashi, na gaya masa. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake wa mai tura gado in ya zo da maganar likitanci. Sai da ya biyo ni ɗakin, ya sa na tambayi tsohon sunan garin da muke, da yawan 'ya'yansa, da inda ke masa ciwo, ya ga amsoshin sun yi daidai da takardunsa, sannan ya cire gilashin ya goge. Ya ce ya karanta irin wannan amma bai taɓa gani ba: ciwon ya rufe masa harshen uwarsa, ya bar masa wanda ya koya yana saurayi. Ya ce daga yau duk lokacin da zai shiga ɗakin, tare za mu shiga.

Haka na samu ƙarin girma har biyu a rana ɗaya. Likita ya mai da ni tafinta, Kanar ya mai da ni kofur.

Da la'asar na wuce Uhudu na gaya wa kawuna. Ya ajiye ma'aunin dabino, ya zauna. Ya ce kwana huɗu yana duban kujerar da Kanar ke zama, ya ɗauka sanyi ne ya hana shi fita. Shekara goma sha biyu ke nan, in ji shi, duk lokacin sanyi sai ya zo Madina ya yi wata guda, kuma kusan kullum da hantsi yana rumfar. Ya hau dutsen da sandarsa, ya tsaya yana kallon filin kamar mai shirya rundunarsa, ya sauko su sha shayi.

A ranar kawuna ya ba ni labarinsa tun daga tushe. Mahaifinsa mai sarauta ne a Ingila, irin sarautar gado, da wani tsohon gida mai ɗakuna barkatai da gonaki da dawakai. A gidansu namiji soja yake zama, ba a tambayarsa. Yana da shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, daga can makarantar hafsoshi, yana ɗan ashirin da 'yan kai aka turo shi arewacin Najeriya, gab da Turawa za su tattara. Aka ba shi sojoji, yawancinsu sun girme shi. Sajen rundunar, wani dattijo da ya yi yaƙin Bama, shi ya koya masa Hausa, shi ya koya masa aikin ma baki ɗaya.

"Wannan sajen shi ne ciwonsa," in ji kawuna. "Sun fita sintiri da damina, suka zo bakin wani kogi ya cika. Saje ya ce a jira gobe. Shi kuma yaro ne, da anini a kafaɗa, yana jin kunyar a ce ya bi maganar na ƙasa da shi. Ya ce a haye. Mutum uku ruwa ya tafi da su, har da sajen, wanda ya koma ciki don ya ciro wani. Ba a hukunta shi ba. Ɗan manya ne. Aka rubuta hatsari aka rufe."

Daga nan ya yi ta zagaya duniya da kaki, Adan, Jamus, da wasu wuraren da kawuna ya manta, har ya kai kanar ya ajiye aiki. Yayansa ya mutu, sarautar gidan ta dawo kansa. Matarsa ta mutu. Ya wuce sittin sannan ya musulunta, kuma ya gaya wa kawuna cewa duk shekarun nan hoton da bai taɓa barin idonsa ba shi ne sajen nan yana salla a kan bargon soja, kafin a busa begila.

Na ce, "Iyali fa?"

"Ɗa ɗaya. Shi ma a shekara bakwai ya kai shi makarantar kwana, kamar yadda aka yi masa. Sun girma kamar baƙi. Da ya musulunta, ɗan zaren da ya rage ya tsinke."

Sai kawuna ya tashi, ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa, ya fito da ambulan. Wasiyya ce da hannun Kanar, da Turanci da Larabci, da sa hannun shaidu biyu, ɗayansu kawuna. Idan ajali ya same ni a Madina, a rufe ni a Baƙi'a.

"Burinsa ke nan," kawuna ya ce. "Kuma ga shi Allah ya kawo shi har bakin ƙofa."

Bayan kwana biyu ɗan ya iso, da izini na musamman da aka nemo masa, tunda ba Musulmi ba ne. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, dogo kamar uban, fuska ba yabo ba fallasa. Ya tsaya a ƙarshen gado ya yi magana da Turanci. Kanar ya dube shi, bakinsa ya yi ta motsi, abin da ya fito shi ne, "Ka zo." Ɗan ya juya ya kalli likita, likita ya kalle ni. Na faɗa da Larabci, likita ya faɗa da Turanci. Haka za mu yi ta yi: daga Kanar zuwa gare ni, daga ni zuwa likita, daga likita zuwa ɗan. Kalma biyu sai ta bi ta baki uku kafin ta isa ga mutumin da ke tsaye taku biyu daga ubansa.

Ɗan bai zo zama ba. Ya zo da shirin jirgin marasa lafiya, yana so ya tafi da uban gida cikin mako. Kawuna ya ji, ya zo da ambulan ɗinsa. Aka yi cirko-cirko a ofishin likita, ɗan yana cewa wannan takarda an rubuta ta ne a ƙarƙashin mutanen da suka juya wa tsoho tunani, kawuna yana cewa ina kake shekara goma sha biyu. Sa'ar da aka yi, ba mai jin harshen wani, kuma likita ya tace rabin maganar kafin ya miƙa.

A ƙarshe likita ya buga tebur. Ya ce takardar tana magana ne a kan gawa, shi kuma mara lafiyarsa da rai yake, kuma hankalinsa ƙalau. Zuciyarsa ta yi rauni, ciwon zai iya dawowa kowane lokaci. In ya hau jirgi zai iya cikawa a hanya. In ya zauna, da wuya ya sake fita daga Madina. Saboda haka shi za a tambaya. Da Turanci komai aka ce masa kai yake gyaɗawa, ba a dogara da wannan. Da Hausa kuwa har gardama yake yi. Gobe ƙarfe goma na safe, a gaban kowa, da Hausa. Ɗan ya ce bai yarda kawuna ya yi tafinta ba. Likita ya ce dama ba shi zai yi ba, ma'aikacin asibiti ne zai yi.

Da suka fita ya tsayar da ni. Ya ce, "Ka ji, ya akhi. Wannan ba ƙaramin gida ba ne. Ofishin jakadancinsu ya riga ya kira mudir, shugaban asibitin nan, sau biyu. In aka sami kuskure a tarjamarka, ba wanda zai tsaya maka, ni ma ba zan iya ba. Igamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun asibitin nan take. Ka faɗi abin da ya faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce to. Amma akwai abin da likita bai sani ba, ni da kawuna muka sani. Tun ranar da ɗan ya iso, Kanar yake maimaita kalma ɗaya. Ina goge masa baki, ina gyara masa matashi, sai in ji, "Gida." Kawuna ma ya ji da kunnensa da ya zo gaishe shi bayan la'asar.

A ranar ya ja ni waje, wurin ajiye motoci. Ya tsaya a inuwar wata bas ya dube ni.

"Ɗan nan, ka ji abin da yake faɗa."

"Na ji, Kawu."

"Gida a bakin mumini ina ne? Ba nan ba ne?"

"Kawu, in ya ce can fa?"

"Ciwo ne ke magana. Mutumin da ya manta harshen uwarsa, shi za ka ce ya san abin da yake so? Abin da yake so yana cikin ambulan, ya rubuta shi da lafiyarsa, ni shaida ne. In suka kai shi can, a ƙarƙashin cocinsu za su sa shi, cikin akwati, kusa da kakanninsa. Wa zai yi masa wanka? Wa zai sallace shi? Mutane nawa suka sayar da gonakinsu, suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa don su sami abin da ya zo masa har kan gado? Kakanka a hanya ya mutu, bai ga Madina ba. Kai kuma da bakinka za ka fitar da mutum daga cikinta?"

Kawuna ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne da zai bi baƙo har bakin mota don ya cika masa dabino biyu da awo ya rage. Abin da ya sa maganarsa ta yi mini nauyi ke nan.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka faɗi abin da zuciyarsa ke nufi. A ɗakin nan ba mai jin Hausa sai ni da kai."

Washegari ko shayi ban iya sha ba. Na tura mutum biyu zuwa hoto, na kusa kai na biyun ɗakin haihuwa, shi kuwa namiji ne da karayar ƙafa. Ƙarfe goma saura kwata na hau sama.

An ɗaga kan gadon, an taje wa Kanar gemu. Likita yana dama da takarda a hannu. Ɗan yana ƙarshen gado. Kawuna a kujera can kusurwa, ambulan a cinyarsa. Ni aka ba ni wuri a hagu, kusa da kunnensa mai kyau.

Kafin likita ya fara, ɗan ya ɗaga hannu ya yi magana. Likita ya juyo gare ni.

"Yana cewa ta ina zai san kai ba ƙirƙira kake yi ba. Yana so a fara da tambayar da shi da ubansa kaɗai suka san amsarta. Ka tambaye shi: ranar da ya kai shi makaranta, me ya ce masa a bakin ƙofa?"

Na sunkuya na tambaya. Hausata ta Sudan ce, rabi Larabci, sai da na tsaya na tsince ta. Na kusa cewa madarasa, na kama kaina na ce makaranta.

Kanar ya rufe ido.

Ina jin ƙarar na'urar da ke lura da zuciyarsa, ina jin numfashin kawuna daga kusurwa. Minti ɗaya ya wuce. Ɗan ya harɗe hannuwa a ƙirji. Na ce a raina shi ke nan, za a ce duk kwanakin nan ni nake shirya magana in sa a bakin tsoho. Na fara tunanin yadda zan gaya wa matata mu fara haɗa kaya.

Sai bakinsa ya motsa.

"Na ce... soja ba ya kuka."

Na faɗa da Larabci. Likita ya faɗa da Turanci. Ɗan ya sauke hannuwansa a hankali.

Kanar bai gama ba. Idonsa a rufe har yanzu. "Hula ta fi kansa. Na shiga mota. Na yi nisa. Na tsaya a hanya." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ni na yi kuka."

Wannan ma na miƙa. Da ta isa ga ɗan, sai ya juya ya fuskanci taga. Ya daɗe a haka. Ba tare da ya waiwayo ba ya yi wa likita alama da hannu a ci gaba.

Likita ya karanto tambayar dalla-dalla, ni kuma na mayar da ita Hausa. Baba, jikinka ya yi rauni. In ka hau jirgi za ka iya mutuwa a hanya. In ka zauna, mai yiwuwa a nan za ka cika. Me kake so, ka zauna a Madina ko ka bi ɗanka?

Ya buɗe ido. "Gida."

"Wane gida, Baba? Nan ko can?"

"Can. Da yaro."

Ga amsa ta fito, sarai. Likita yana kallon bakina. Maimakon in juya gare shi, sai na sake sunkuyawa. Wannan ba ya cikin takardar likita, daga ni ne, kuma na san na ƙetare iyaka.

"Baba, Madina ce fa. Baƙi'a ga ta nan kusa. Ka tuna takardar da ka ba kawuna?"

"Na sani."

"To, Baba..."

"Yaro ya zo. Bai taɓa zuwa ba. Ba zai koma shi kaɗai ba." Ya ja numfashi. "Allah ya san wurin."

Likita ya ce, "Me yake cewa? Me ya sa maganar ta yi tsawo?"

Daga kusurwa na ji muryar kawuna, a hankali, da Hausa. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

Da Larabci, yana so ya tafi da yana so ya zauna, kalma ɗaya ce ta raba su. In na ce ya zauna, kawuna zai gaskata ni, takarda za ta gaskata ni, duk Musulmin da ya ji labarin zai sa mini albarka. Ɗan ya riga ya yarda da ni, gwajinsa na ci. Ba wanda zai taɓa sani. Wallahi kalmar ta zo har kan harshena.

Sai na ji an ja hannun rigata. Kanar ne. Bai kalli kawuna ba, ni ya kalla, da idon da na tabbata sojoji sun sha miƙewa a gabansa.

"Kofur. Faɗi daidai."

Na juya ga likita na ce, "Ya ce yana so ya tafi da ɗansa. Na sake tambayarsa, na tuna masa da wasiyyar, ya ce ya sani, kuma can yake so."

Kujerar kusurwa ta yi ƙara. Kawuna ya miƙe. Kanar ya juya kai da ƙyar ya ce, "Alhaji. Yafe." Kawuna ya tsaya a bakin ƙofa, baya gare mu, kamar zai ce wani abu. Sai ya fita.

Kanar bai bari an tashi ba. Ya ce akwai sharaɗi, a gaya wa yaro ya rubuta. Ɗan ya ciro ƙaramin littafi daga aljihu, ya tsaya kamar kurtu a gaban hafsa. Wanka. Likkafani. Liman. Alƙibla. Ba a cikin kabarin gidansu ba, tare da Musulmi. Ɗaya bayan ɗaya suna bi ta bakina, ta bakin likita, yana rubutawa. Da ya gama ya zagayo, ya sa hannunsa a kan hannun uban, ya faɗi kalma biyu da Turanci. Wannan ba a nemi tafinta ba.

Bayan kwana uku na tura gadonsa zuwa motar da za ta kai shi filin jirgi. Ya roƙi a bi da shi ta kusa da Harami. Direban ya tsaya inda ake hango koriyar ƙubba, na buɗe ƙofar baya, na ɗaga masa kai. Ya yi sallama, leɓɓansa na motsi, ya daɗe. Ni ban iya kallonsa ba, ƙasa na yi ta kallo. Kawuna bai zo ba.

Wata bakwai Kanar ya yi a raye bayan nan. Likita ne ya kira ni ofishinsa ya nuna mini saƙon ɗan a waya. Ɗan ya ce Turancin ya ɗan dawo wa uban a watannin ƙarshe, ba da yawa ba, amma sun yi magana. Akwai hoton kabari a cikin ciyawa, ba gini, a maƙabartar Musulmi. Ya ce an yi duk abubuwan da ke cikin littafin.

Duk wata bakwai ɗin nan kawuna gaisuwa kawai yake amsa mini. In na je rumfa sai ya sami abin gyarawa a bayan buhuna. Ranar da na kai masa hoton, ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya kusanto da ita, ya daɗe yana dubawa. Ya yi masa addu'a. Sannan ya zuba shayi kofi biyu ya turo mini ɗaya.

"Da ni aka sa," ya ce, "da na ce ya zauna. Har yau ina ganin da na yi masa alheri." Ya kurɓi shayin. "Wataƙila shi ya sa Allah bai sa ni ba."

Mutane in na ba su labarin nan sukan rabu biyu, kuma ba na jayayya da kowa. Ni kaina ban warke gaba ɗaya ba. Duk lokacin da na bi jana'iza daga Harami zuwa Baƙi'a, na ga an sauke wani baƙo da ya zo ziyarar mako ɗaya Allah ya ba shi wurin, sai in ce wa kaina da ka yi shiru da yana nan. Amma na ɗan gane wani abu da ban sani ba a lokacin. Ranar nan ba a tambaye ni abin da ya fi masa alheri ba. Mutum ne ciwo ya ƙwace masa hannu, ya ƙwace masa ƙafa, ya ƙwace masa harshe, ya bar masa 'yan kalmomi kaɗan, ya ɗauke su ya damƙa mini. Da na canza ɗaya, da na ƙwace abu na ƙarshe da ya rage nasa ne.

Allah ya jiƙansa a inda yake. Ni kuma in tawa ta zo, ina roƙon ta same ni a nan, kuma in bakina ya gaza, Allah ya haɗa ni da wanda zai faɗi abin da na faɗa.